Neman lauya a shari'ar laifi: abin da doka ta tanada da abin da ake samu a Dakoro

Gabatarwa

Idan jandarmomi suka kama mutum a wani ƙauye na gundumar Dakoro, tambayar da danginsa ke fara yi ita ce: wa za mu gani? Ba kasafai amsar ke zama «lauya» ba. Akan nufi maigari, ko fadar sarkin kanto a Kornaka ko Birnin Lalle, ko kuma wani ɗan gari da ya yi boko yana aiki a Maraɗi. Galibi sai magana ta yi nisa, an riga an kai mutum gidan kaso, sannan ake tunawa da cewa akwai masu sana'ar kare wanda ake tuhuma.

A cikin wannan ƙasida za mu duba yadda dokar Nijar ta tsara wannan kariya, da inda tsarin ke cin karo da halin da gunduma irin Dakoro ke ciki. Abin da muke son nunawa shi ne, doka ta ajiye mai kariya na dole a ƙarshen hanya, gaban kotun manyan laifuka, alhali kuwa makomar yawancin waɗanda ake kamawa tun cikin kwana biyun farko take yankewa, a cikin wata takarda da aka rubuta da Faransanci. Da yake ana yawan yi wa dokokin gyara, musamman tun daga Yuli 2023 da aka jingine tsarin mulkin 2010, kowane wa'adi da muka kawo mun haɗa shi da shekarar dokar da ta kafa shi. Mai son aiki da shi sai ya gwada da jaridar gwamnati (Journal officiel) ta baya-bayan nan.

1. Doka ɗaya ga ƙasa duka

Nijar ba tarayya ba ce, saboda haka jihar Maraɗi ba ta da dokar laifuka tata ta kanta. Abin da yake laifi a Dakoro shi ne laifi a Gaya da Bilma. Wannan ya bambanta da Nijeriya, inda jihohin Arewa suka gaji kundin laifuka na 1959, na Kudu kuma suke da wani daban, sannan daga shekarar 2000 Zamfara da wasu jihohi goma sha ɗaya, har da Katsina da Kano da Sakkwato, suka shigo da dokokin laifi na shari'ar Musulunci. Haka ma Amurka, kowace jiha da kundinta da ƙungiyar lauyoyinta. Ɗan Dakoro mai kai shanu kasuwar Jibiya ya kamata ya san da wannan: da ya ƙetare iyaka doka ta canza, in ya wuce Katsina ya shiga wata jiha tana iya sake canzawa.

Tushen tsarin Nijar dokoki biyu ne na farkon samun ƴancin kai: doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, wato kundin laifuka (Code pénal), da doka mai lamba 61-33 ta 14 ga Agusta 1961, wato kundin hanyoyin shari'ar laifi (Code de procédure pénale). Dukansu an ɗora su a kan na Faransa, an kuma yi musu babban gyara ranar 13 ga Yuni 2003. Amma raba al'ada da shari'ar laifi ya girmi waɗannan dokoki. Wata dokar mulkin mallaka ta 30 ga Afrilu 1946 ita ce ta karɓe shari'ar laifi daga hannun kotunan «ƴan ƙasa». Garin Dakoro kuwa a 1947 Turawa suka kafa shi a matsayin mazaunin hukuma. Ke nan tun ranar da aka kafa garin, babu wani sarki da ya taɓa samun ikon hukunta ɓarawo a cikinsa bisa doka. Dokar 13 ga Janairu 2015 kan matsayin sarakunan gargajiya ba ta canza wannan ba: ikon sasantawa ta ba su a kan al'amuran al'ada da na gona da na mu'amala tsakanin mutane. Aure da saki da gado da iyakar gona, nan al'ada ke da wurin zama, har alƙali yakan zauna da masana al'ada a gefensa. Da zarar jini ya zuba ko an yi sata, magana ta fita daga fada.

2. Kalma ɗaya, laifi iri uku

Bahaushe «laifi» yake cewa, ko an ci kasuwa ba a biya haraji ba, ko an yi kisan kai. Kundin 1961 kuwa gida uku ya raba laifi, bisa nauyin hukunci. Ƙaramin laifi (contravention) hukuncinsa tara ce, ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Matsakaicin laifi (délit) ɗaurinsa ya haura kwana 30 amma bai kai shekara 10 ba, sai inda doka ta faɗi wani abu daban. A nan sata da zamba da cin amana da yawancin duka da rauni suke. Babban laifi (crime) yana jawo ɗaurin shekara 10 zuwa 30, ko na rai da rai, ko hukuncin kisa, ko da yake rabon Nijar da zartar da kisa tun 1976.

Wannan rabo ba na ɗakin karatu ba ne kawai, domin shi ke nuna kotun da za ta yi shari'a da kuma ko mutum zai samu mai kare shi. Ƙananan laifuka da matsakaita a kotun Dakoro (tribunal d'instance) ake yanke su. Manya kuwa, bayan alƙali mai bincike ya gama aikinsa, Maraɗi ake kai su. Da can kotun asiz (cour d'assises) ke zaman su jefi-jefi, mutum ya shekara da shekaru yana jiran zama. Gyare-gyaren 2018 da 2019 suka maye gurbinta da sashen manyan laifuka (chambre criminelle) a cikin manyan kotunan shari'a (tribunaux de grande instance), don a rage wannan jira.

To, a gaban kotun manyan laifuka ba a yi wa mutum shari'a sai da mai kariya; in ba shi da shi, a naɗa masa. Haka nan yaro wanda bai cika shekara 18 ba. Amma baligi da ake tuhuma da matsakaicin laifi, yana da damar ɗaukar lauya, sai dai rashin lauyan bai hana a yi shari'ar. Ana iya ɗaure mutum shekara uku ko biyar kan satar dabba (kundin ya ware wa satar dabbobi sashe na musamman mai tsanani) ba tare da kowa ya tsaya a gefensa ba. Kuma irin waɗannan shari'u ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai ma wata al'adar aiki da ake kira correctionnalisation, inda mai gabatar da ƙara ke sauke babban laifi ya mai da shi matsakaici don a yanke shi da wuri a kotun kusa. Wanda ake tuhuma yakan ci ribar sauƙin hukunci da gajeren jira, amma a lokaci guda ya rasa mai kariyar da doka ta wajabta. Ba kowa ke lura da wannan musanya ba.

3. Kwana biyun farko

Mu ɗauki misalin da duk wanda ya san yankin zai gane. Dakoro tana kan iyakar noma da kiwo: dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa, kwarin Tarka kuma nan ne manomi da makiyayi suka fi haɗuwa. Da kaka, kafin a saki gonaki, garke ya shiga gero. Ɓarnar kanta maganar diyya ce, kuma dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tanadi a fara bin hanyar sasantawa. Amma sai gardama ta kaure, aka ɗaga sanda ko adda, wani ya ji rauni. Daga wannan lokaci ba maganar gero ake yi ba, maganar duka da rauni da gangan ake yi (coups et blessures volontaires). Jihar Maraɗi ta san inda irin wannan ke iya kaiwa, tun abin da ya faru a Toda cikin Oktoba 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100.

Jandarma na iya tsare wanda ake zargi don bincike (garde à vue) har awa 48, mai gabatar da ƙara kuma na iya ƙara wasu 48 sau ɗaya. Laifukan ta'addanci da na ƙwayoyi suna da wa'adi mafi tsawo, ba su muke magana ba a nan. Gyaran 2003 ya kawo abu biyu masu muhimmanci. Na farko, dole a sanar da wanda aka tsare cewa yana da damar ɗaukar lauya daga awa ta 24, in ba a yi ba binciken na iya rushewa. Na biyu, in za a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara, sai da takardar likita mai nuna ba a azabtar da shi ba. Daga baya ƙa'ida mai lamba 05 ta ƙungiyar UEMOA, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2014, ta wuce nan: ta ce lauya na iya tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

A takarda, wannan kariya ce mai kyau. A Dakoro kuwa sai a yi lissafin hanya. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita wajen 660 ne, daga Maraɗi zuwa Dakoro kuma fiye da 100. Kafin dangi su ji labari, su haɗa kuɗi, su samu lauyan da zai yarda ya bar shari'unsa ya hau mota, awa 48 ta cika. Abin da ya rage shi ne takardar bayani (procès-verbal) da jandarma ya rubuta: tambaya da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, amsa a rubuce da Faransanci, a ƙasa kuma dangwalen yatsan mutumin da bai iya karanta abin da ya dangwala wa ba. A ƙa'ida, a shari'ar matsakaicin laifi wannan takarda bayani ne kawai, ba hujja ce da ba ta karyuwa ba, kuma alƙali na da ikon auna ko da ikirari ne. A aikace ita ce ginshiƙin fayil ɗin. Wanda ya zo gaban alƙali ya ce «ban faɗi haka ba» shi ke da jan aiki.

Idan an kama mutum dumu-dumu, ko jim kaɗan bayan laifin, akan bi gajeriyar hanya (flagrant délit), a gurfanar da shi cikin ƴan kwanaki. Kundin 1961 ya ce shugaban kotu ya sanar da shi cewa yana iya neman a ɗaga zaman don ya shirya kariya, in kuma ya nema a ba shi aƙalla kwana uku. A ganinmu wannan ita ce dama mafi arha da doka ta bayar, kuma ita aka fi saki. Mutum na ɗokin a gama ya koma gida, sai ya ce a yi yanzu. Kwana ukun nan kuwa su ne lokacin kiran shaidu, da karɓo takardar likita, da neman lauya ko da ta wayar tarho ce.

In shari'ar ta tafi hannun alƙali mai bincike, akan tsare mutum kafin hukunci. Gyaran 2003 ya sa wa wannan tsarewa iyaka: wata 6 da ake iya sabuntawa sau ɗaya a matsakaicin laifi, wata 18 da ake iya ƙara wa wata 12 a babban laifi. A kowane lokaci wanda ake tsare na iya neman sakin talala (liberté provisoire), ba sai da lauya ba. Sai dai alƙali yakan duba ko mutum na da mazaunin da za a same shi in an neme shi. Manomi na da gida da gona da maigarin da zai shaide shi. Makiyayin da ke Gadabeji da damina, da rani kuma ya gangara kudu, ba shi da adireshin da takarda ta sani. Doka ba ta ambaci ƙabila ko sana'a ba, amma sakamakonta bai zama ɗaya ga mutanen biyu ba.

4. Ina lauyan yake?

Ƙungiyar lauyoyi ɗaya ce a Nijar (Ordre des avocats), ƙarƙashin shugaba da ake kira bâtonnier, dokar 8 ga Yuni 2004 kuma ta tsara sana'ar. Duk lauyan da sunansa ke cikin jerin ƙungiyar na iya tsayawa a kowace kotu ta ƙasar. A shekarun 2010 yawansu ɗari da ƴan kai ne, kusan dukansu da ofis a Yamai, ga ƙasar da ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da miliyan 17. Gundumar Dakoro kaɗai, bayan an cire mata Bermo a 2011, ta haura mutum 600.000 a wannan ƙidaya. Dalilin cunkoson a Yamai ba ɓoyayye ba ne: can bankuna da kamfanoni da ma'aikatu suke, can kuɗin sana'ar yake. Mai ɗaukar lauya daga Dakoro, ban da ladan aiki wanda ba shi da ƙayyadadden farashi, shi zai biya mota da masauki, kuma duk ranar da aka ɗaga zama sai a sake lissafi. Shi ya sa ya kamata a yi yarjejeniya a rubuce tun farko, a san ko kuɗin na zama ɗaya ne ko har ɗaukaka ƙara, a kuma karɓi rasit. Kafin a biya ko dala, a tabbata sunan mutum na cikin jerin ƙungiyar. Bakin kowace kotu ba a rasa masu cewa sun san alƙali, a kawo abin da za su kai masa. Wannan ba lauya ba ne, kuma mai bayarwa shi ma ya shiga laifin cin hanci.

Don cike wannan giɓi aka kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da doka mai lamba 2011-42 ta 14 ga Disamba 2011. Aka buɗe mata ofisoshi a manyan kotuna guda goma na lokacin, har da ta Maraɗi. Aikinta iri biyu ne: bayani da shawara kyauta ga kowa, da kuma samar da mai kariya ga wanda ya nuna ba shi da hali. Wasu rukunoni, kamar yara da naƙasassu da waɗanda ake tuhuma da babban laifi da matan da aka ci zarafinsu, dokar ta ba su wannan taimako ba tare da neman shaidar talauci ba. Amma ofishin a Maraɗi yake, wanda ake tsare kuma yana Dakoro. In babu ɗan uwan da ya san da zaman ofishin ya kuma yi tattaki, haƙƙin ya tsaya a takarda.

Akwai kuma wani abu da Nijar ta daɗe tana aiki da shi saboda ƙarancin lauyoyi, wato mai kariya da kotu ke naɗawa (défenseur commis d'office). Sau da yawa ba lauya ba ne: malamin makaranta ne, ko ma'aikaci, ko ɗan fansho da ake ganin mutuncinsa. Bai kamata a raina su ba, don suna jin harshen wanda ake tuhuma, sun san ƙauyensa, wasu kuma sun ƙware da daɗewa. Inda suke da rauni shi ne gardamar ƙa'ida. Gano cewa an wuce wa'adin tsarewa, ko ba a sanar da mutum haƙƙinsa ba, da sanin lokacin da ake tayar da wannan magana kafin damar ta wuce, aikin wanda ya karanci hanyoyin shari'a ne. Mai kariyar da aka miƙa wa fayil ana gobe zama, abin da ya rage masa bai wuce roƙon sassauci ba. Ƙungiyoyi irin su ANDDH, wadda aka kafa a 1991, sun horar da masu wayar da kai kan doka (parajuristes) a garuruwa da dama. Su ba sa tsayawa gaban alƙali, amma su ne suka fi kusa da waɗancan kwana biyu na farko.

Wani gyara da ya shafi kotuna irin ta Dakoro kai tsaye shi ne na dokar tsarin kotuna ta 1 ga Yuni 2018. Kafin ita, a ƙananan kotuna alƙali ɗaya kan haɗa aikin gabatar da ƙara da na bincike da na yanke hukunci. Dokar ta tanadi wakilin mai gabatar da ƙara a waɗannan kotuna don a raba ayyukan. Ga wanda ba shi da lauya wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da aƙalla wanda ya tuhume shi ba shi zai yanke masa hukunci ba.

5. «Ai mun yafe»

Babu inda fahimtar jama'a da doka suka fi saɓawa kamar nan. Dangi sun je fada, an biya kuɗin magani, an yi addu'a, wanda aka ji wa rauni ya ce ya yafe duniya da lahira. Sai su yi mamaki da suka ga ɗansu na nan a kaso. Dalili shi ne laifi ɗaya ƙara biyu yake haifarwa. Akwai ƙarar wanda aka cuta (action civile), ta neman diyya, wadda yake iya janyewa. Akwai kuma ƙarar al'umma (action publique), wadda ke hannun mai gabatar da ƙara, kuma yafewar wanda aka cuta ba ta kashe ta, sai a laifuka ƙalilan da doka ta ce ba a bin su sai da kukan mai haƙƙi. Sulhun bai tashi a banza ba: in an rubuta shi aka sa cikin fayil, yana iya sa mai gabatar da ƙara ya ajiye magana tun farko, ko alƙali ya sassauta, ko ya yi ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka (sursis). Sulhun baka da ya tsaya a zauren sarki kuwa, kotu ba ta san da shi ba.

A gefe guda, maganar shekaru. Yaron da bai kai 13 ba ba a hukunta shi, daga 13 zuwa 18 kuma alƙalin yara ke duba lamarinsa, bisa dokar 20 ga Nuwamba 2014. Yaran da ke bin dabbobi da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma shekarun da aka ƙiyasta aka rubuta a jandarmeri su ke bin yaro har gaban kotu, in ba wanda ya yi gardama.

6. Harshen kotu

Kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Dokokin da muka ambata duka da Faransanci aka rubuta su, wanda ake tuhuma kuma ta bakin tafinta yake jin abin da ake faɗa a kansa. Tafinta kuwa da kalmomin da Hausa ta tanada yake aiki. In ya fassara prévenu ko inculpé da «mai laifi», ya riga ya yanke hukuncin da doka ta ce ba a yanke ba tukuna. «Wanda ake tuhuma» ya kamata ya ce. Tambayar reconnaissez-vous les faits ? in ta zama «ka yarda abin ya faru?», mutumin da ya kare kansa daga sara zai ce i, a rubuta ya amsa laifi, alhali kariyar kai (légitime défense) tana wanke mutum gaba ɗaya in sharuɗɗanta sun cika. Kalmar «beli» da muka aro daga Nijeriya tana sa mutane zaton kuɗi ake biya a saki mutum, ga shi kuwa sakin talala ba dole sai da kuɗin jingina ba.

Haka ma ɗaukaka ƙara. Kundin 1961 ya ba da kwana 10 daga ranar hukunci, kuma ba a buƙatar lauya: a faɗa wa magatakardan kotu, wanda ke tsare kuma ya faɗa wa shugaban gidan kaso, a rubuta. Mutane da yawa suna jin «ɗaukaka ƙara» kamar ƙarar alƙali ce za su kai, wato rashin kunya ga hukuma, sai su yi shiru suna jiran dangi su sayar da sa a nemo lauya. Ranar da kuɗin ya haɗu, sau da yawa kwana goman sun riga sun wuce.